Gwadon Baba

Inna ba ta zubar da komai. A ƙauyenmu na ƙasar Bebeji, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga, kowa ya san ta da wannan hali. Ruwan da ta wanke gero da shi na akuya ne, ruwan wanke-wanke kuma na zogalen bayan ɗaki. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke, in ta sake tsagewa ta koma abin kwasar toka, tokar kuma a tace ruwanta a sa a miya. Zane yakan tsufa a hannunta ya koma majanyi, majanyi ya koma tsumma, tsumman ma sai ya ƙare a lagwanin fitila. Na sha ranƙwashi a kan ragowar ruwan moda fiye da yadda na sha a kan ƙarya.

Baba yakan zolaye ta. "Ranar da na mutu, ki duba da kyau, ƙila a samu abin yi da ni."

"Malam, ai gemun nan zai yi sharar dutsen niƙa," in ji ta, ko murmushi babu.

Ina da shekara goma sha uku kwalara ta shigo. Masu kai hatsi Kwanar Dangora ne suka fara dawowa da labari, wai amai da gudawa ne, mutum ya kwanta da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwanci. Ba a yi wata guda ba muka daina jin labari, muka koma gani da ido. Aka hana mu talla, aka daina haɗa hannu a akushi ɗaya, gaisuwar mutuwa ma daga bakin zaure ake yi a juya. Aka ce a riƙa tafasa ruwan sha. Inna ta tafasa, amma kullum tana mitar karan da ake ƙonawa a kan ruwan da ba tuwo zai zama ba.

Da cutar ta kama Baba, kwana biyu ya yi. Ranar farko yana ce mana ba komai, ƙila kunun jiya ne. Rana ta biyu idanunsa suka faɗa, muryarsa ta tafi, ya yi ta rawar sanyi cikin gwadonsa har rai ya yi halinsa. Gwadon nan Inna ce ta kaɗa zarensa da audugar gonarmu, rani uku tana yi, sannan masaƙi ya saƙa. Shekara ɗaya kacal Baba ya rufa da shi.

Washegari duba-gari ya zo a kan keke, ya tsaya a zaure tare da baffana, ƙanen Baba. Ya ce duk abin da mamaci ya kwanta a kai ko ya rufa da shi a fito da shi a ƙone. Inna tana takaba, don haka ni aka aika ciki. Na same ta tana cusa gwadon cikin wata tsohuwar randa, ta kife faifai a kai. Ta dube ni, na dube ta. Na kwaso tabarma da matashi da riga biyu na fita.

"Yarinya, shi ke nan kayan? Babu mayafi?" in ji duba-gari.

"Shi ke nan," na ce.

Ban ko sunkuyar da kai ba. A raina ma haushinsa nake ji, mutum ya zo daga gari da farin wando zai ƙone mana aikin rani uku.

Bayan kwana biyu Inna ta fito da gwadon ta wanke da sabulun salo, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa har hannuwanta suka yi fari. Ruwan kuwa ta juye wa zogale kamar kullum. Ta shanya shi cikin ɗaki don kada a gani, ta ce in na yi aure da shi zan tafi.

Ranar da aka yi sadakar bakwai Inna ta fara zagayawa. Kafin azahar ba ta iya tashi. Baffa ya hau keken aro ya tafi neman motar da za ta kai ta asibiti, ni kuma na zauna ina ɗura mata tafasasshen ruwa, yana shiga yana dawowa. Can ta kawar da kai, ta dubi abin da ya rage a modar.

"Kada ki zubar," ta ce, da ƙyar nake jin ta. "Kai wa zogale."

Na tashi na kai. Da na dawo na tarar Inna ta cika. Motar ta iso ana kiran la'asar.

Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Gidaje da yawa sun ƙone komai nasu, duk da haka sun yi rashi. Ban sani ba ko gwadon ne, Allah kaɗai ya sani. Amma na san tambayar da aka yi mini a zaure, na san amsar da na bayar, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Wannan karon ban jira duba-gari ba. Na kwashe tabarmarta da zannuwanta, na ɗora gwadon a sama, na kai bayan gida na cinna wuta da kaina. Saƙar tana da kauri, ta daɗe tana ci. Da wutar ta mutu, tokar ta kusa cika ƙwarya. Na daɗe tsaye a kanta, don a gidanmu ba a taɓa barin toka a ƙasa ba. Na bar ta a nan na koma ciki.