Almakashi a Aljihun Hagu

Shekara ashirin da shida Baba Sito ya yi yana shirya akwatunan likitocin sa-kai, amma bai taɓa taka ƙofar jirgi ba. In ambaliya ta ci wata ƙasa, likitoci su ba da sunansu, shi kuma ya shige ɗakin ajiya na bayan asibiti ya hau aiki. Safar hannu a sama, bandeji da auduga a ƙasa, almakashi a aljihun dama na murfi.

"Mai ceton rai ba ya lalube," in ji shi. Ka kuskura ka taɓa masa tsarin nan, ranar kunnenka zai gaya maka.

Sai dai dawowar akwatunan ta fi burge shi. Mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Kafin ya wanke akwati sai ya karance shi tas. In ya ga laka a kusurwa, ya ce ruwa ya kai musu gwiwa. In ƙananan allurai suka ƙare, ranar ba ya cin abincin kirki, don ya san yara ne. Har shinshina murfi yake, wai yana son jin iskar ƙasar.

A ɗakin nan 'yarsa Auta ta tashi, tana taya shi naɗe bandeji. Bahaguwa ce, kome ta ɗauka a hagu take mayarwa. Faɗa dai ya yi har ya gaji. Ya koya mata ƙullinsa na igiyar murfi, mai kunne ɗaya, ita kuwa kullum a juye take yin sa.

Ta girma ta zama likita. Da aka yi girgizar ƙasa a wata ƙasa mai nisa, ta ce za ta.

"Baba, in na dawo zan ba ka labari da baki, ka huta da shinshine-shinshine."

Kwana huɗu da saukarsu ƙasar ta sake girgiza. Waya ta yanke, kuma aka ce ginin da suke aiki ya rufta. Washegari Baba Sito ya shirya sababbin akwatuna goma, jirgi ya tafi da su. Daga nan shiru, kamar an shuka dusa. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Uwar Auta ta daina tambayarsa, sai dai ta dube shi in ya shigo.

Bayan mako guda direban asibiti ya kawo akwatunan nan goma daga filin jirgi, a sake cika su. Matuƙin jirgin ma bai san kome ba, an dai loda masa.

Baba Sito ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙura fara fat, ta siminti. Filasta ta ƙare, karaya ke nan da yawa. Ya ɗaga murfin na bakwai, ya kai hannu dama, babu almakashi. Yana hagu.

"Tana nan da ranta," ya ce.

"Haba Baba," in ji direba a hankali, "bahagwai fa suna da yawa a duniya."

Baba Sito ya nuna masa igiyar da ya kwance rabi.

"Kai yaro ne. Dubi ƙullin nan. Nawa ne, a juye. Mutum ɗaya na koya wa, kuma har yau ja'irar ba ta iya ba!"

Yana dariya hawaye na zuba, bai ma share ba.

Ya wanke akwatin ya cika shi, safar hannu a sama, bandeji a ƙasa. Ya ɗauki almakashi ya tsaya jim, sannan ya sa a aljihun hagu.

"Baba, ka yi kuskure," in ji direba.

"Rufe min baki. Kada ta yi lalube."