Tambarina a Bakin Waƙar Wani

Teburin farko da na taɓa kifarwa a rayuwata na wani mai turin waƙa ne a bakin tashar Birnin Kudu. Masu turi su ne samarin nan da ke zama ƙarƙashin lema da kwamfuta, ka miƙa musu memorin wayarka su cika maka shi da waƙoƙi da finafinai. Ni kuwa mawaƙi ne daga Dingaya, ta ƙasar Gwaram. Da biki da suna na fara, babu fiyano babu lasifika, daga ni sai mai kalangu. Allah Ya ba ni maƙogwaro, kuma ban taɓa mallakar wani abu da ya fi shi ba. In na ɗaga murya a wannan unguwa, matan waccan unguwa sai su fara laluben mayafi.

Ranar na tsaya shan ruwa sai na ji waƙata tana tashi daga lasifikar yaron. Daɗi ya kama ni. Na matsa na ce, "Malam, waƙar wa ce wannan?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ambaci sunan wani mawaƙin Kano. Na ce ya sake dubawa. Ya juyo min da kwamfutar, ga sunan mutumin nan ɓaro-ɓaro a kan waƙar da na tsara da kaina a bakin gonar riɗi. Na ce tawa ce. Ya dube ni tun daga silifas har hula, ya ce, "To ai sai ka je Kano ka karɓo abarka."

Ban san lokacin da na kama ƙafar teburin ba. Lasifika ta yi gefe, memori suka watse a ƙasa kamar an zubar da wake, shi kuma ya rarumo kujera ya sauke min a kafaɗa. Muka kaure. 'Yan kamasho ne suka raba mu, hancinsa na zubar da jini, rigata a yage har cibiya. Har gobe ban ga laifina ba.

Ɗan kawuna ne ya zo ya karɓe ni daga hannunsu. Taubashina ne, direba tsakanin Birnin Kudu da Kano, kuma duk wani sabon abu da ya shigo gari a hannunsa ake fara ganinsa. Shi ya kawo faifan sidi gidanmu lokacin muna ta juya kaset da biro. Da waya mai memori ta zo, shi ya koya wa rabin Dingaya turi ta bulutut, a jingina waya da waya ana jira kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai. Ya zaunar da ni a gaban motarsa, ya ƙare min dariya tukuna, sannan ya fara.

"Kai ɗan mace, ƙwanji ba ya sayar da waƙa. Lokacin kaset ne ake buga hotonka a kwali. Yanzu waƙa tsirara take yawo, duk wanda ya ga dama sai ya sa mata riga. Masu turin nan da kake duka su ne rediyonka, kai musu za ka dinga yi kyauta. Ka shiga situdiyo a goge maka muryar nan, ta daina kama da ta mai tallan manja. Kuma ka yi tambari."

Tambari shi ne 'yar maganar da ake liƙawa a farkon waƙa, mawaƙi ya faɗi sunansa kafin kiɗa ya shigo. Ya ce sunan da aka rubuta kowa na iya gogewa, amma wanda ke cikin sauti ya zauna ke nan. Ya ce kada in tsaya a suna, in faɗi garinmu da inda ake samuna, don mai biki ya san inda zai dosa.

Na bi shawararsa kaf. Akwai wani ɗaki a bayan kasuwar Birnin Kudu da aka liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai, nan ne situdiyon. Sau ɗaya na yi tambarin: sunana, ɗan Dingaya ta Gwaram, mai zama a rumfar tela ranar kasuwar garin Sara. Mai situdiyon ya adana shi a kwamfutarsa, duk waƙar da na yi sai ya ɗauko ya manna. Da ya fara kunna min abin da ya goge, sai na ji wani yana waƙa ta hanci, muryar na karkarwa kamar daga cikin gwangwani. Na ce wannan ba ni ba ne. Ya ce haka ake yayi, duk mawaƙan birni haka suke fita. Raina bai so ba, amma na haƙura, don wanda ya zo koyo ba ya gardama.

Gaskiya kuma abin ya yi aiki. 'Yan acaɓa suka fara sa ni a wayoyinsu. Aka fara zuwa daga Wurno, daga Gwaram, har daga ƙasar Bauchi, ana tambayar rumfar tela. Yaron da na fasa wa hanci ma ya koma gaishe ni da hannu biyu.

Sai kakar zaɓe ta zo. Ni ban taɓa yi wa ɗan siyasa waƙa ba, ba don tsoron Allah ya yi min yawa ba, sai don na ga yadda suke yar da mawaƙi in an gama. Wata ranar kasuwar Sara, da hantsi, ina zaune a benci a rumfar telan, sai babura suka tsaya a gabanmu suka tare hasken. Samari ne, idanu jajur, da gorori, wani da barandami a rataye. Babbansu yana da tabo a leɓe, kuma a hankali yake magana. Ya kira sunana, na amsa. Ya ce, "Ai ba mu sha wahalar nema ba, kai ka yi mana kwatance."

Ya fito da waya ya kunna. Na ji muryata tana faɗin sunana, da Dingaya, da rumfar da nake zaune a cikinta. Sai kiɗa ya shigo, sai wata waƙa da ban taɓa ji ba. Zagin wani mai neman kujerar majalisa ce, ubangidan yaran nan. Ba ta tsaya a kansa ba, ta gangara kan Hajiya mahaifiyarsa, da kalmomin da ko a mashaya ba a faɗa. Telan ya tsayar da keken ɗinkinsa.

Na ce, "Wallahi ba ni ba ne. Tambarin nawa ne, amma waƙar ba tawa ba ce. Ku saurari muryar."

Mai tabon ya ce, "To, ba ma zalunci. A sa tasa mu ji."

Wani daga cikinsu ya lalubo waƙata ta gaskiya a wayarsa, wadda na yi wa manoman riɗi a situdiyo. Aka kunna wannan, aka kunna waccan. Hanci ɗaya, karkarwa ɗaya, gwangwani ɗaya. Ni da kaina da zan yi rantsuwa da ban san wace ce tawa ba in ba don baitocin ba. Na dubi telan, mutumin da ya san ni tun ina yaro, ya sunkuyar da kai. A nan tsoro ya shige ni sosai.

Na ce su bari in rera da bakina su ji. Na miƙe na buɗe maƙogwaro na saki baiti guda, irin yadda nake yi a filin biki, har masu awon hatsi na can nesa suka juyo. Ina gamawa mai tabon ya kalli yaransa ya ce, "Kun ji munafuki ko? Har murya biyu gare shi. Yanzu ya sauya don ya tsira."

Gorar farko a gwiwa ta same ni. Ban faɗi ba. Na ɗaga bencin na maka wa na kusa da ni a ƙirji, ya tafi da baya ya faɗa kan babur, babur ya faɗa kan wani. Na samu na biyu da goshi a baki, na ji haƙorinsa ya shiga fatata. Daga nan ban ƙara kai hannu ba. Aka sauke min gora a ƙeya, ƙasa ta taso ta same ni. Suka ja ni ta ƙafa daga rumfar har tsakiyar hanya, bayana na gurzar tsakuwa, suna shuri ta ko'ina. Wani ya juya barandami ya dinga buga min ƙotar a haƙarƙari, ina jin abu na ɓallewa a ciki. Jini ya rufe min ido ɗaya. Da ɗayan na ga mutane sun yi da'ira, kuma hannuwa da yawa a sama riƙe da wayoyi. Wasunsu na san su, sun sha rawa a gabana.

Mai tabon ya tsuguna kusa da kaina ya ce, "Da me ya zagi Hajiya?" Suka ce da baki. Ya ce, "A'a, baki ai kowa na da shi. Da maƙogwaro." Suka kwantar da ni rigingine, aka gitta min gora a wuya, mutum ɗaya ya taka wannan bakin, wani ya taka wancan. Na so in yi salati, babu hanyar da zai bi ya fito. Na ji wani abu ya yi ƙara a wuyana kamar an taka busasshen kara, sai duniya ta yi duhu.

Mahautan kasuwa ne suka cece ni, daga baya aka ba ni labari. Sun taso daga rumfunansu da wuƙaƙe da gatura, jinin shanu a rigunansu, suka nufo wurin. Yaran suka hau babura. Mahautan suka ɗora ni a motar buhuna zuwa asibitin Birnin Kudu.

Na daɗe a kwance. Haƙarƙari ya haɗe, gwiwa ta warke da ɗan ɗingishi. Murya ce ta dawo ba yadda ta tafi ba. In na yi magana sai ka ce ana jan buhu a kan siminti, in na ɗaga ta kaɗan sai tari ya sarƙe ni. Likita ya ce in gode wa Allah da nake numfashi. Na gode, amma na yi kuka kamar ƙaramin yaro, a gaban mahaifiyata.

Ɗan kawuna ya binciko yadda aka yi. 'Yan ɗaya ɓangaren ne suka kawo wani yaro ya rera zagin, suka ce suna son sunan da masu turi za su karɓa da gudu. Mai situdiyon ya buɗe kwamfuta ya ɗauko tambarina ya manna. Ɗan kawuna ya je da ƙarfen cire taya, ya tarar da ƙofa a garƙame, mutumin ya bar gari. Ya fasa ƙofar ya farfasa abin da ya samu, kwalayen ƙwai ne kawai da kujerar roba.

Da ya zo duba ni bai tsokane ni ba, karo na farko tun tasowarmu. Ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota. Can ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka ji haushina. Bidiyon dukan nan ya kai inda waƙarka ba ta taɓa kaiwa ba. Har a Kano ana tambayata kai. In za ka saki sabuwa, yanzu ne lokacin."

Da ina da ƙarfi da na shaƙe shi. Amma ina da mata da yara, kuma ban iya wata sana'a ba. Da na samu sauƙi ya kai ni wani situdiyo. Na tsaya gaban makirfo ina gurnani, ina tsayawa ina tari, ina kurɓar ruwan ɗumi, layi ɗaya sai an maimaita an maimaita. Mai situdiyon ya yanka ya haɗa ya goge. Da ya kunna sai ga waƙa ta fito sumul, daidai da na da, babu wanda zai ce an taɓa taka wuyan mai ita. Ɗan kawuna ya yi ta murna. Masu turi suka yi ta turawa, mutane na cewa ai na warke.

Damina ta faɗi, wani dattijo maƙwabcinmu a Dingaya ya kira gayyar noma a gonar dawarsa. Ya aiko musamman a ce in zo in ba samari ƙarfi, tunda ya ji sabuwar waƙata a wayar jikansa. Kunya ta hana ni in ce a'a. Na je na tsaya a bakin gona, mai kalangu a gefena, samari sun jeru kowa da kunyar da zai noma, fartanya a hannu, suna jira. Kalangu ya ɗauka. Na ja numfashi na buɗe baki. Abin da ya fito ko na ukun layi bai ji ba, na can ƙarshe ma ɗaga hannu yake yana cewa a fara mana. Na sake gwadawa, tari ya durƙusar da ni. Mai kalangun ya sassauta hannu, ya bari.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Dattijon ya ce, "Sannu, Malam, Allah Ya ƙara lafiya." Wani saurayi ya zaro waya daga aljihu, ya haɗa ta da 'yar lasifika, ya rataya a reshen ɗorawa. Waƙata ta tashi, samari suka duƙa gaba ɗaya, ƙasa ta fara juyawa. Na tsaya a wurin, babu mai kallona. Akwai fartanyar da ba ta da mai ita jingine a gindin bishiyar, na ɗauka na nemi kunyar da ba kowa a kanta.