Muryar da ta fito daga kwamfutar Bilki

Ina tankaɗe da hantsi a gidanmu na Agege, farkon dawowar mulkin farar hula, sai na ji muryar namiji a ɗakin 'yata Bilki. Na faɗa ciki a fusace. Ba kowa, sifikar kwamfutarta ce ke magana.

Na rantse kwamfutar ba za ta kwana gidana ba. Bilki na kuka ta kirawo mai gyara.

Ya ce, "Mama, doguwar wayar sifikar nan ce ke kamo maganar oba-obar masu gadin maƙwabta." Ya rage ta, ya naɗe a zoben ƙarfe. Maganar ta ɗauke.

Na ce, "Masu gadin Hausawa ne?"

"A'a, Yarabanci suke yi."

Ni kuwa Hausa na ji, kuma sunana na yarinta aka kira.

Ku masu shigo wa yara da na'ura ba bismillah, me za ku ce?