Ƙwai Biyu da Fanka Ɗaya

Har in koma ga Mahaliccina, ba na jin zan manta da zuwan masu aikin wutar sola layinmu a Dogo Nini.

Su uku ne, riƙe da takardu. Babbansu ya same mu a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce za a kafa wa unguwa tashar wuta ta kanta, amma sai sun san abin da kowane gida yake kunnawa: firiza, dutsen guga, abin dafa ruwa, har da masu niyyar sayen keke mai caji. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tun da nake, ban taɓa ganin baƙo ya ƙirga kayan gidan mutum don alheri ba. Na ce lallai haraji ne ya sake hanya.

Da yake ni ke riƙe da littafin masallaci, na yagi falle na rubuta da ajami, don kada baƙin su gane: kowa ya ce ƙwai biyu na wuta da fanka ɗaya kawai gare shi. Takardar ta zaga sahu-sahu.

Washegari suka bi gida-gida. A zaure suke tsayawa, maza ke amsawa. Da aka zo gidan marigayi ƙanena, ni na amsa a madadin matarsa, alhali na san da firizar da take yin ƙanƙara da zoɓo da ita, tana ciyar da marayu huɗu.

Babban nasu ya yi murmushi. "Baba, duk layin nan kasuwa ɗaya kuka je? Ko mai guga babu?"

"Da gawayi muke yi, ɗana."

"To, Baba. Da abin da kuka faɗa za mu auna muku waya."

Na ɗauka barazana ce. Ashe bawan Allah aikinsa yake gaya mini.

Da wuta ta zo, siririyar waya aka ja mana. Babban kason wutar da wurin cajin keke suka tafi unguwar Bolewa, inda aka faɗi gaskiya. Firizar nan tana tashi, sai layin duka ya ɗauke. Waɗanda suka bi takardata su ne suka fara cewa a cire ta.

Matar ƙanen nawa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Yaya Malam, wai a takardarsu ba ni da firiza. Wa ya gaya musu?"

Na je ofishinsu na faɗi abin da na yi, suka ce gyara sai zagaye na biyu. A baro aka tura firizar gidan 'yar uwarta a Bolewa. Fiye da shekara, kullum da hantsi ta gabana take wucewa da kula a ka, kuma ba ta taɓa fasa gaishe ni ba.

Na nemi gafararta, ta yafe. Amma tun daga nan na gane zato ba sani ba ne. Yanzu in abu ya shige mini duhu, tambaya nake yi kafin in ɗauki alƙalami, kuma ban sake amsawa a ƙofar gidan da ba nawa ba.