Mun Kai Karen Kawu Tawa

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar Afala zuwa birnin Tawa mu uku: ni, da kawuna, da karensa da muka naɗe a tsohon buhu. Kwana huɗu ke nan karen yana amai, ya ƙi abinci, miyau na dalala daga bakinsa. Mutanen gari suka ce haukan kare ne. Maigari ya ba mu zuwa Juma'a, ko mu kawo shaidar likita ko a kashe shi. Dogon kare ne siriri irin na Buzaye, shekara bakwai yana tsare wa Kawu awaki daga dila, yanzu kuma da idon tsohon ya fara hazo, shi ke ja masa gaba zuwa daji. Ni malamin makaranta ne, muna cikin yajin aiki, ba ni da uzurin ƙin rakiya.

Tun da aka karya darajar sefa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, direba kuma ya ce kare ma fasinja ne. Mutanen cikin mota suka tattara riguna suna a'uziyya, saboda haka aka haye da mu saman kaya, kan buhunan wake. Mun ɗaure wa karen baki da tsumma, amma ba zan ɓoye muku ba, ta wajen wutsiya na zauna.

Daga sama mutum ya fi ganin ƙasar Adar. Ga jajayen tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, ga karan gero da aka girbe, ga raƙuma sun yi cincirindo a bakin rijiya. Sau biyu motar ta kafe a rairayi muka sauka turi. A shingen jandarma aka duba takardun kowa, saboda rikicin arewa bai lafa ba. Wani jandarma ya leƙa buhunmu ya tambayi takardun mai dogon hanci, ya yi dariyarsa, ya ɗaga mana sanda.

A wurin ne wata Buzuwa take sayar da nono. Kawu ya saya, ya kwance tsumman, ya dinga ɗiga wa karen a baki har ya lashe kusan rabin ƙwarya. Mun yi murna ƙwarai. A wurinmu ba a shiga da majinyaci gari da yunwa.

Mun isa Tawa da azahar. Bangayen gari duk hotunan 'yan takara ne, wani manne kan wani, rana ta kore launinsu. Mai kura ya tura mana karen har wurin likitar dabbobi, wata mace mai fara'a da saurin magana. Tana da na'urar da suke kira eko, wadda aka kawo don duba cikin shanu da tumaki. Ta ce sauti take aikawa cikin jiki, irin wanda kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Sai ta tambayi Kawu ko karen ya ci wani abu.

"Ya sha nono, lokotoro," in ji Kawu yana washe baki. "Ni nab ba shi da hannuna."

Ta dafe kai. "Haba Baba! Tumbi in ya cika, ba a ganin komi. Ku komo gobe, kada shi lasa ko hura."

Na ji kunya, domin ni ne mai boko a tafiyar, ni ne kuma na riƙe ƙwaryar. Muka sauka gidan wani ɗan'uwa, aka kawo mana kwaɗon zogale da tsire mai zafi. Na ci har na yi gyatsa. Kawu ya ture kwanon, ya ce shi da karensa tare za su buɗa baki.

Ranar Alhamis babu wutar lantarki sai bayan azahar. Muka wuni a gindin itacen bedi, Kawu yana tambayata lokaci kamar ni ke riƙe da ranar. Da wuta ta dawo, likita ta aske cikin karen, ta shafa wani ruwa mai yauƙi, ta ɗora ɗan kan na'urar tana jan sa a hankali. Ni dai hayaƙi kawai nake gani a ƙaramin allon. Can ta tsaya, ta nuna mana wani farin lanƙwasa da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Ta ce abu ne mai tauri ya toshe mafitar tumbi, shi ke kawo aman da miyau. Ta sa masa barci, ta tsaga, ta ciro ƙwallon goruba, sumul kamar an goge shi. Kawu ya karɓa ya daɗe yana juya shi, sannan ya ƙulle shi a bakin rawaninsa.

Da safen Juma'a muka kamo hanya. Wannan karon na cire rigata ta sama na shimfiɗa wa karen, na riƙe kansa a cinyata saboda gargada. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, mun kwana huɗu muna yanke hukunci kan cikin da babu wanda ya leƙa, ni ma ina cikin masu tsoron.

Bayan an sauko daga masallaci muka je fada. Na karanta takardar likita: ba alamun hauka ba ne, amma a ɗaure shi kwana goma don hankalin kowa ya kwanta. Maigari ya juya hoton eko da likita ta ba mu sama da ƙasa, ya ce shi bai ga komai ba sai baƙi da fari. Kawu ya kwance bakin rawaninsa, ya ajiye ƙwallon a kan tabarma. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Maigari ya ce an janye magana, a ɗaure kare kwana goma.

A hanyar gida Kawu ya tsaya, ya kama hannuna.

"Ɗana, kullum in na gaigaye goruba, ni ka jehwa mai ƙwallon shi yi wasa. Da sun kashe shi, da ban taɓa sanin ni ne ba."