Ranar da Saba Ta Ɗauke

A duk ofishinmu na Nassarawa GRA, ɗakina ne kaɗai mai ƙofar ƙarfe. Tsohon gida ne irin na manyan ma'aikatan da, Alhaji ya saya ya mayar da shi ofishin kamfaninsa na fitar da riɗi da zoɓo. Falo ya zama wurin akawu, ɗakunan kwana suka zama na manajoji, ni kuma aka ba ni siton da ke bayan kicin. A nan saba take, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke ɗebo aiki daga cikinta su mayar. Baƙa ce, a cikin kejin ƙarfe, ta kai min ƙirji, ƙananan fitilunta suna ta ƙifce-ƙifce.

Ban yi jami'a ba. A shagon gyara na koyi buɗe kwamfuta, Alhaji kuwa abokin mahaifina ne, shi ya ɗauko ni, shi ya fara ce min Injiniya har sunan ya bi ni Tudun Murtala. Abin da ke rubuce cikin injin ba ruwana da shi, ban ma iya ba. Nawa shi ne jikinta: fanka, waya, batir, faifan ajiya in ya fara ƙara na canza shi kafin ya mutu. Da wannan ɗakin na yi aure, da shi nake biya wa yara makaranta, da shi ake tashi a ba ni kujera a wurin ɗaurin aure. In aka cire shi, ni dattijo ne kawai mai sukundireba a aljihu.

Kuma ina da faɗa, ban ɓoye ba. Babu mai shigar min ɗaki da takalmi. Direban Alhaji ya taɓa lallaɓowa ya jera ruwan leda a gaban na'urar sanyaya ɗakin don ya yi sanyi, na bi shi da shi har bakin get ina ce masa ko firjin gidansu ne. Da wasa da gaske nakan ce wa ma'aikata, ranar da wannan baiwar Allah ta yi tari, kowa ya tattara ya tafi gida.

Sai babban ɗan Alhaji ya dawo daga karatu ya karɓi ragamar ofis. Ƙaramin Alhaji muke ce masa, mutum mai ladabi, bai taɓa wuce ni bai rusuna ba. A wani taro ya kawo maganar mayar da aiki gajimare. Na ce wane gajimare, wanda mu a Kano sai damina muke ganinsa? Aka yi dariya, har da shi. Ya yi bayani a hankali cewa ba sama ake nufi ba, manyan kwamfutoci ne na wasu kamfanoni a wata ƙasa, kana biyan haya suna riƙe maka aikinka, kana buɗewa daga ko'ina. Na ce to ashe sito ne na wanda ba ka sani ba, kuma makullin yana hannunsa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya yanke hukunci. Ya ce a yi gajimaren, amma ajiyar ko-ta-kwana ce kawai, sabar Injiniya ita ce uwa. Ran nan da tsire na koma gida.

Aka sayo wa kowa kwamfutar tafi-da-gidanka, aka ci gaba da aiki. Na lura fitilun saba sun rage ƙifce-ƙifce, ƙugin da take yi ma ya lafa, sai na ce kulawata ce ta sa ta samu lafiya. Kuma ba a daina nemana ba. Mai riƙe da lissafin kamfani wata Kirista ce 'yar Zariya, Madam muke ce mata, mun daɗe tare. Takan leƙo ta ce, "Injiniya, yau kamar tana nauyi, a ɗan duba mana." Sai na shiga na hura, na matse wayoyi, na kashe na kunna. In na fito ta ce, "Yauwa, ta saki. Allah ya bar mana kai." Gobe wani ne zai zo, jibi wani. Ni kuma na koma gida na miƙe ƙafa ina ba matata labarin yadda na ceto kamfani.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Tun safe aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya mutu, makanike ya tafi Sabon Gari neman kayan gyara ya shiga sabgarsa. Batiran da ke riƙe da saba suka yi ta kuka har bayan azahar, sannan suka yi shiru. Saba ta ɗauke ɗif. Ga shi ranar lodi ce, manyan motoci suna tsaye a sitonmu na Dakata suna jiran takardun fita. Ko takalmi ban tsaya sakawa ba, na fito da safa na nufi falo don na ba mutane haƙuri.

Na tarar kowa yana aiki.

Madam tana zaune ta juya min baya, wayarta a gefen kwamfuta tana ba ta intanet, yatsunta suna ta gudu. Na matso har na ga fuskar kwamfutar. Takardar lodin ranar ce, tana shigar da nauyin buhunan riɗi, tana dannawa yana tafiya. Aikin da na rantse ba ya yiwuwa sai da injina, ga shi yana yiwuwa, injin kuwa a mace a bayan kicin.

Ta ji motsina ta waiwayo. Muka haɗa ido. A hankali ta sa hannu ta rufe kwamfutar, ta ce, "Injiniya, komai ya tsaya fa. Kai muke jira."

Na kusa da ita ma ya rufe tasa. Na gaba ya rufe. Haka suka bi layi, kowa yana kallon tebur. Wani akawu da ya toshe kunne da abin sauraro bai san me ake ciki ba, ya ci gaba da bugawa yana kaɗa kai, sai da maƙwabcinsa ya taka masa ƙafa. Ya ɗago ya gan ni, ya rufe da sauri ya ce, "Wallahi tun ɗazu ta ƙi buɗewa."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ina tsaye a tsakiyar falo da safa mai huji a babban yatsa, gumi yana bin bayana, yaran da na girme wa iyayen wasunsu suna yi min ƙarya don tausayi. Da dariya suka yi min da na samu abin faɗa. Babu wanda ya yi.

Na fita tsakar gida na tsaya ƙarƙashin darbejiya. Madam ta biyo ni. Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin azuminku na bara. Komai ya koma can, babu abin da ya rage a cikinta."

"Nauyin da kike cewa tana yi fa?"

"Karɓa-karɓa muke yi," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Alhaji ne ya tara mu. Ya ce duk wanda ya bari ka sani, a bakin aikinsa. Kara ya yi maka, Injiniya, kada ka ɗauke shi da zafi."

Kara. Ni ma na san ta, da ita aka raine mu. Na ci tuwon da bai dahu ba a gidan mutane na ce ya yi daɗi, na sayi kayan da ba na so don mai tallan ya san babana. Kullum ni ne mai yi, ina jin kaina mutumin kirki. Ban taɓa tunanin yadda take a wajen wanda ake yi wa ba, in ya gane. Sama da shekara ana ƙona man dizal ana sanyaya ɗaki, don kawai wani dattijo mai baki ya samu wurin zuwa da safe. Na tuna duk cika bakin da na yi a gaban waɗannan yara, suna cewa haka ne Injiniya, na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Bayan la'asar aka gyara janareta. Ban koma ɗakina ba, na wuce wurin Alhaji. A hanya na shirya maganata tsaf: zan gode masa, na ajiye makulli, na fita da sauran mutuncina. Amma ina tafe ina lissafin shekaruna, na haura hamsin, 'yata ta biyu tana tsakiyar karatun jinya, kuma babu kamfanin da ke neman mai hura wa injin iska yanzu.

Na same shi a kan darduma. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da makullin na ajiye a gabansa.

"Alhaji, na ga abin da ake ciki. Allah ya saka da alheri, amma..."

Bai bari na ƙarasa ba. Fuskarsa ta canza, ya kawar da kai gefe, na ga shi ma kunyar ce ta kama shi, kamar shi aka kama da laifi.

"Wa ya gaya maka?"

Na tuna Madam da nata yaran. Na ce, "Babu kowa, Alhaji."

Ya sa yatsa ya turo makullin gabana.

"To tunda babu wanda ya gaya maka, ba ka sani ba ke nan. An tayar da janareta, Injiniya. Je ka kunna mana, mutane suna jira."

Na ɗauki makullin. Na bi ta falo kaina a ƙasa, na buɗe ƙofar ƙarfe, na danna maɓalli, fanka ta fara juyawa. Sannan na leƙa falo na ce musu ta dawo, kowa ya ci gaba.

Suka buɗe kwamfutocinsu gaba ɗaya, suka ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Na ce, "Yauwa."