Rigar da Yaya Hawwa ta ɗinka wa inbata

Hajj Yusuf

Na tada mota daga unguwarmu Hajj Yusuf ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba. Tsohuwar bas ce da muka cire wa kujeru, muka sa gado da ƙaramin firij, muka ɗora faifan sola biyu a samanta. A cikinta muke kwana idan mun je gona bayan garin Sinnar. Saura kwana biyu mu kai yayata Hawwa sunan jikarta ta fari a ƙauyen da babu lantarki. Tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi, sai a firij. Ga shi batir ya daina cika, firij na mutuwa kafin gari ya waye. Likita ya ce in babu sanyi, babu tafiya.

Shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce mu riƙa rubuta duk abin da muka gani, sai na ɗauki ɗabi'ar kwafe lambar da ke fuskar inbata, wato akwatin da ke karɓar wutar rana ya zuba a batir. Kowace awa nakan rubuta. Na jefa littafin a aljihu na kama hanya.

Alhilla Kuku

Shida saura na isa unguwar Alhilla Kuku, wurin Usta Bashir mai batir. Kafin ya leƙa, na cire rigar atamfa da ke kan akwatin na ninke, don kada ta tare masa gani. Ya kwance kawunan batir ya kankare tsatsa, ya ƙara ruwa, ya gwada. Ya ce batir lafiya lau, in nemi masu sola. Aikinsa tsaf, ko ɗigon ruwa bai bari a ƙasa ba.

Suk al-Shabi

Na haye gadar Shuɗin Nilu cikin cunkoso. Ɗan sanda ya duba takarduna, ya leƙa ya ga gado, ya tambaya ko ina ba da haya. Tara da rabi na shiga kasuwar Suk al-Shabi. Wani mai sola ya hau saman motar ya goge faifan, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko an rage ƙarfin caji a saitin. Lamba ta nuna ƙarfin caji amfiya goma sha takwas.

"Ya hajj, injinka ya fi ni lafiya," in ji shi. "Ko dai idonka ne yake son caji?"

Na yi dariya, na biya shi. Mai shayin da na ci wake da burodi a wurinta ce ta ce in je Omdurman, akwai wata injiniya Nafisa, jikar mutanenmu Hausawa ce.

Omdurman

Sha biyu saura kwata na haye Farin Nilu, rana kamar ta fasa kai. Shagonta ƙarami ne. Nafisa ba ta kai shekara talatin ba, Hausarta rabi Larabci. Ba ta taɓa ko waya ɗaya ba. Ta ba ni kujera da ruwa, ta ce in faɗa mata yadda abin yake yi. Da na fara kame-kame, sai na miƙa mata littafina ina jin kunyar rubutun.

Ta bi shafukan da yatsa, ta daɗe. Ta nuna mini cewa kullum da safe lamba takan hau har sha bakwai, daga ƙarfe sha ɗaya kuma ta faɗo zuwa shida, lokacin da rana ta fi ƙarfi. A shafukan baya babu wannan faɗuwar.

"Baba, daga wannan Talatar abin ya fara. Me ya shigo motar ran nan?"

Na leƙa cikin motar. Idona ya sauka kan atamfar da ke ninke a kujerar gaba. Ran Talatar ne Yaya Hawwa ta kawo ta. A gidajenmu ba a barin rediyo ko talabijin tsirara saboda ƙura, ita kuwa ta auna akwatin da igiya ta ɗinka masa riga har da leshi a baki.

Nafisa ta ce in mayar da komai yadda yake a gida. Na sa rigar, muka zauna a bakin ƙofa. Cikin minti arba'in lamba ta sauko daga sha tara zuwa bakwai. Ta sa na taɓa akwatin, ya yi zafi kamar tukunya. Ta ce akwai fanka a ciki, rigar ta toshe mata iska, shi kuma injin idan ya ji zafi yakan rage caji da kansa don kada ya ƙone. Ni kuma duk wurin mai gyaran da na je, sai in tuɓe masa rigar da hannuna. Muka cire, kafin in idar da azahar lamba ta koma sha tara.

Ta ce kada in daina rubutun nan, shi ya nuna mata ciwon. Ban taɓa ganin mai gyara da ya fara da saurare kamar yarinyar nan ba.

Komawa gida

Na biyo ta gadar Shambat, na iso huɗu da minti goma, batir a cike. Duk hanya ina shirya yadda zan gaya wa Yaya. Na same ta a tsakar gida na yi bayani a hankali. Ta karɓi rigar ta jujjuya.

"Wato ni na kusa hana kaina ganin jikata? To, ƙarfe bai san kwalliya ba. Miƙo min almakashi."

Kafin magariba ta mayar da ita 'yar riga. Firij ya kwana da sanyi, muka tafi ran da muka sa, jaririya kuma a cikin atamfar nan aka fito da ita ranar suna. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Nafisa, da malamin da ya ce in riƙa rubutawa.